Jiƙaƙƙen tsumma da ruwan randa: Maganin ƙaiƙayin da ba a saye, da iyakar da ba ya wucewa

Tsarnawa gari ne na mararraba. A nan ne, kimanin kilomita 15 gabas da Birnin Konni, hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. A nan kuma ake tara albasar yankin, ciki har da shahararriyar 'yar Galmi, kafin manyan motoci su kwashe ta zuwa Ghana da Kwaddibuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku.

Babbar kakar albasa tana zuwa ne daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. A watannin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi a gundumomin Konni da Malbaza da Illela kan haura digiri 40 kusan kowace rana. A cikin wannan zafi ne ake cirar albasa, ake yanke ganyenta, ake zuba ta a rudu, 'yan dako kuma na saɓa buhunan da nauyinsu ya wuce kilo 100.

Fata ce ke fara biyan kuɗin wannan aiki. Wuyan jaririn da ke goye ya cika da ƙananan ƙuraje, kafaɗar ɗan dako ta goge, hammata da matsematsi su yi ja, dare ya yi a kasa barci saboda susa. Da yawa kan nufi mai tallan magani su sayi man shafawa ko hoda. Amma matakin farko da likitocin fata ke ba da shawara a kai yana nan cikin kowane gida: tsumma mai tsabta da ruwa mai sanyi.

Wannan dabara tana aiki, kuma kimiyya ta gano dalili. Sai dai tana kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ba ta kashe abin da ya haddasa shi. Sanin wannan iyaka shi ne ke raba wanda ya amfana da wanda ya ɓata lokaci har ciwo ya yi nisa.

Abin da ke faruwa a fata

Jikin mutum na da ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan biyu zuwa huɗu. Kowace tana da siririyar hanya da ke kai gumi saman fata. Idan gumi ya yi yawa kuma bai samu ya bushe ba, hanyar kan toshe, gumin ya tsaya a cikin fata. Daga nan ne ƙurajen zafi ke fitowa: wasu farare kamar ɗigon raɓa, wasu jajaye masu tsikari kamar ana soka allura.

Jarirai sun fi kowa kamuwa, saboda hanyoyin guminsu ba su gama ƙwari ba, ga kuma goyo da ke haɗa ƙirjin yaro da bayan uwa na tsawon sa'o'i. Tufafin leda da ba sa shan gumi, da kwanciya a kan katifa mai rufin roba, duk suna ƙara ta'azzara lamarin.

Matsalar ta fi tsanani a ƙarshen bazara, lokacin da iskar damina ta fara kawo laima amma ruwa bai sauka sosai ba. A watan Maris iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa. Daga Mayu zuwa Yuni kuwa gumi kan zauna a jiki, shi ya sa ƙuraje ke yawaita a lokacin ko da ma'aunin zafi ya ɗan sauka.

Dalilin da ya sa sanyi ke aiki

Idan fata ta fusata, ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashinta kan buɗe, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi. Sanyi na sa hanyoyin su tsuke, kumburi da raɗaɗi su ragu.

Akwai kuma aikin jijiyoyi. A shekarar 2002, ƙungiyoyin masu bincike biyu a Amurka, ɗaya ƙarƙashin David Julius, ɗaya ƙarƙashin Ardem Patapoutian, kowace a nata ɓangaren, sun gano wata 'yar kafa a jikin jijiyoyin fata da ake kira TRPM8. Ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ji sanyi, kuma takan fara aiki ne idan ɗumin wurin ya sauko ƙasa da kusan digiri 26 zuwa 28. Mutanen biyu sun samu lambar yabo ta Nobel ta fannin likitanci a 2021 saboda bincikensu kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa.

Saƙon sanyi da saƙon ƙaiƙayi duk ta laka suke bi kafin su kai ƙwaƙwalwa, kuma na sanyi yana danne na ƙaiƙayi. Wani bincike da aka yi kan ɓeraye a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa idan babu wannan kafa, sanyi ba ya rage susa. Binciken ya kuma nuna sauƙin na ɗan lokaci ne: da fata ta koma ɗuminta, ƙaiƙayin na iya dawowa.

Hausawa sun fi sabawa da gashi da ruwan zafi, kuma mai ƙaiƙayi kan ji daɗin ruwan zafi a lokacin da yake zuba shi. Amma zafi na ƙara buɗe hanyoyin jini, yana kuma wanke maiƙon da ke kare fata, don haka bayan ɗan lokaci susar takan dawo fiye da da.

Ba sai da firji ba. Randa da tulu na sanyaya ruwa ne ta hanyar tsattsafowar da ke bin jikin yumɓu tana tashi cikin iska, tana tafiya da zafi. Da wannan hikima ce malamin nan na jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen tsumma ma haka yake yi a kan fata: ruwan na bushewa, yana janye zafin wurin. A busasshiyar iskar Adar, idan aka haɗa da fifita da mafici, sanyin ya isa.

Jiƙa tufa don rage zafi ba baƙon abu ba ne ga masu azumi. Sahihul Bukhari ya ambaci cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya jiƙa tufa ya ɗora a jikinsa yana cikin azumi.

Yadda ake yi

A samu ƙyalle na auduga mai laushi wanda aka wanke da sabulu ya bushe a rana. Tsohon zane ko ɗankwali ya wadatar. A wanke hannu, a tsoma ƙyallen cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, a matse shi har ya daina ɗiga, sannan a shimfiɗa a kan wurin ba tare da gogawa ba.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da shawarar a bar shi minti biyar zuwa goma, ko har ƙaiƙayin ya lafa. Idan ƙyallen ya ɗau ɗumi kafin lokacin, a sake tsoma shi. Ana iya maimaitawa sau da yawa a yini, musamman kafin kwanciya, domin da dare susa ta fi damun mutane.

Bayan an cire, a bar wurin ya sha iska, ko a ɗan danna da busasshen ƙyalle. Wuya da hammata da matsematsi su bushe sarai kafin a sa tufafi, saboda danshin da ya zauna a lungu yana jawo wani ciwon.

Ruwan da za a yi amfani da shi ya zama irin wanda za a iya sha: na famfo, na rijiyar burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce. Kada a ɗebo na tafki ko na magudanar noman rani. Fatar da aka sosa tana da ƙananan tsaguwa da ido ba ya gani, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Kowane mutum da nasa ƙyallen. Tsumma ɗaya da za a bi yara huɗu da shi na iya ɗaukar makero ko ciwon ido daga wannan ya kai wa wancan. Bayan an gama, a wanke shi da sabulu a shanya.

Ƙanƙarar da ake sayarwa a leda lokacin zafi kuwa, ba a ɗora ta kai tsaye a kan fata, domin tana iya yin lahani irin na ƙuna. Idan za a yi amfani da ita, a naɗe ta cikin ƙyalle, kada ta wuce minti goma, kuma ba a kan jariri ba.

Susa ce babbar barazana

Ƙurajen zafi su kaɗai ba su da haɗari, kuma kan baje cikin 'yan kwanaki idan fata ta samu sanyi da iska. Haɗarin na zuwa ne daga farce. Susa na ba da daɗi na ɗan lokaci, amma tana ƙara fusata fata, ƙaiƙayi ya ƙaru, a sake susa, har wurin ya fashe.

Da ya fashe, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata da ƙarƙashin farce sun samu ƙofa. Abin da ya fara da ƙananan ƙuraje sai ya koma miki mai ruwa da ɓawo launin zuma, ko maruru a goshi da kan yaro. Wani nau'in waɗannan ƙwayoyi na iya taɓa ƙoda makonni kaɗan bayan mikin, galibi kamar uku: fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsari ya ragu, launinsa ya koma kamar na shayi. Iyaye da yawa ba sa danganta wannan da ƙurajen da suka riga suka warke.

A nan ne amfanin tsumma ya fi fitowa. Minti goma na sanyi kan ba yaro damar yin barci ba tare da ya yage fatarsa ba. Idan aka haɗa da yanke farce, da rage masa tufafi, da sauke shi daga goyo lokaci zuwa lokaci ya sha iska a inuwa, an toshe hanyar da ciwon ke bi ya girma.

Inda wanki ke gaba da tsumma

Akwai ƙaiƙayi da raɗaɗin da wani abu ne ya taɓa fata ya haddasa su. A irin wannan, ɗora tsumma tun farko kuskure ne, domin zai danne abin a jiki ya ƙara jiƙa shi. Sai an wanke tukuna.

Na farko shi ne siminti. Malbaza garin siminti ne tun shekarun 1960, kuma magina da masu buga bulo suna ko'ina a yankin. Jiƙaƙƙen siminti na da kaifi irin na soda, yana cin fata a hankali ba tare da an ji zafi nan take ba. Lebura na iya wuni da kwaɓi a cikin takalmi, sai da yamma ya tarar ƙafa ta ƙone. Maganin farko shi ne cire tufa da takalmin da suka ɓaci, a kakkaɓe busasshen garin, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20. Siminti kuma na ɗauke da sinadarin kuromiyom, wanda jikin wasu ke daina jurewa bayan shekaru, hannu ya riƙa tsagewa yana ƙaiƙayi. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta taƙaita yawansa a siminti tun 2005. Ga mai irin wannan hannu, sanyi na rage raɗaɗi, amma safar hannu ta roba da dogon takalmi su ne kariya.

Na biyu maganin feshi. Manoman albasa na fesa magani don kashe ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye, sau da yawa ba tare da kayan kariya ba. Idan ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin, a yi wanka da sabulu da ruwa mai yawa. Idan aka ga dalala, amai, gumi mai yawa, jiri ko numfashi na sarƙewa, gubar ta shiga jiki. A garzaya asibiti, a tafi da robar maganin don ma'aikatan lafiya su san irinsa.

Na uku hangara, ƙwaron nan da ke yawaita lokacin da gero ke fidda kai, yana bin hasken fitila da dare. Idan aka murƙushe shi a jiki, ruwansa na sa fata ta tashi ta yi bororo kamar ƙunar wuta. A hure shi ko a kaɗe shi a hankali. Idan ya riga ya fashe, a wanke wurin da sabulu nan take, kada hannun ya kai ido, sannan a ɗora tsumma mai sanyi. Ba a fasa bororon.

Ƙunar wuta ko ta ruwan shayi ita ma ruwa mai gudu take so na minti 20. Ba a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai.

Ƙurajen da ba na zafi ba

Watannin da ƙurajen zafi ke fitowa su ne kuma watannin ƙyanda da sanƙarau. Nijar na cikin yankin da aka fi samun sanƙarau a Afirka, kuma a annobar 2015 an ƙirga kusan mutum 8,500 da suka kamu, fiye da 570 suka rasu. Duk ƙurajen da suka zo da zazzaɓi sun fi ƙarfin tsumma. Tari da jan ido da majina kafin ƙuraje su fara daga fuska alamar ƙyanda ce. Ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ko ɗigo-ɗigo masu duhu da ba sa ɓacewa idan an danna su, na bukatar asibiti a wannan sa'a.

Ƙazuwa ma kan yi kama da ƙurajen zafi. Ana gane ta da ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma takan kama mutane da dama a gida ɗaya ko a makarantar allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 200 na ɗauke da ita. Ƙaramin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, kuma sai an yi wa duk mutanen gida magani a lokaci guda, an wanke tufafi da shimfiɗa.

Masu aiki a filin noman rani na Konni, wanda ya haura kadada 2,400 kuma yake shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango, su lura da ƙaiƙayin da ke tasowa jim kaɗan bayan fitowa daga ruwa. Yana iya zama alamar shigar ƙwayar tsargiya. Sanyi zai kwantar da susar, amma idan daga baya aka ga jini a ƙarshen fitsari, akwai ƙwayar magani da ake bayarwa a cibiyoyin lafiya.

Borin jini, wato tashin fata kwatsam bayan cin wani abu ko shan magani ko harbin ƙwaro, yakan lafa da sanyi. Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, rai ne ke cikin haɗari. Shi kuma tabon da ya yi haske fiye da sauran jiki, ba ya ƙaiƙayi, ba a jin taɓawa a kansa, a kai shi a duba ko kuturta ce, domin tana warkewa kuma maganinta kyauta ne.

Waɗanda za su yi hattara

Masu ciwon sikila su guji ƙanƙara da ruwa mai tsananin sanyi, domin tsukewar hanyoyin jini na iya tayar musu da ciwon. Masu ciwon suga da ƙafafunsu suka daina ji sosai ba za su san lokacin da sanyi ya fara yi musu lahani ba. Sabon jariri da yaron da ke fama da tamowa kan rasa ɗumin jiki da sauri, don haka ɗan wuri kaɗan ake jiƙawa, na ɗan lokaci. Akwai kuma mutane ƙalilan da sanyin kansa ke tayar musu da borin jini. Duk wanda ya ga fatarsa ta ƙara tashi bayan tsumma, ya daina.

Man shafawa da hoda

Da yawa daga cikin man ƙaiƙayin da ake tallansa a kasuwanni na ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda ake sa wa a man bilicin. Yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa yake da farin jini. Amma a kan makero ko ƙazuwa yana ɓoye ciwon ne yana ba shi damar bazuwa, kuma yawan shafa shi na sirantar da fata, musamman ta yara.

Mai irin su mantileta na ba da jin sanyi ne ta hanyar taɓa waccan kafa ta TRPM8, ba tare da ya rage ɗumin fata ba. Ba a shafa shi a kan fatar da ta fashe ko a jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu. Hoda kuwa, idan ta haɗu da gumi takan dunƙule a lungunan fata, ƙurarta kuma ba ta da kyau ga huhun jariri.

Man kaɗe da basilin na da lokacinsu. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bushewa ce ke sa fata ƙaiƙayi da fari da faso. A lokacin, bayan an cire tsumma, a shafa mai tun fata na da ɗan danshi. A bazara kuwa, mai kauri a kan ƙurajen zafi na ƙara toshe hanyoyin gumi.

Yaushe za a je asibiti?

Idan an yi kwana uku ana sanyaya wuri bai sauya ba, ko ya fara fidda mugunya, ko jan yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya shigo, lokacin tsumma ya wuce. Cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ita ce matakin farko, daga nan a tura mutum asibitin gunduma a Konni ko Illela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa. Tun 2006 Nijar ta tanadi duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati.

Likitocin fata kaɗan ne a ƙasar, kuma akasarinsu suna Yamai. Ba Nijar kaɗai ke da wannan giɓi ba: a watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da Kwaddibuwa ta jagoranta, wanda ya ayyana cututtukan fata a matsayin abin da ya kamata ƙasashe su ba muhimmanci, tare da horar da ma'aikatan ƙananan cibiyoyi.

Zafin kuma ba raguwa yake yi ba. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana yanayi sun danganta tsananin zafin da ya mamaye Sahel a makon da sauyin yanayi. Bazara mai tsawo na nufin ƙarin gumi da ƙarin ƙuraje a gonakin albasa da wuraren gini da ɗakunan kwano. Gidan da ya ware ƙyalle mai tsabta ga kowane yaro, ya san abin da ake wankewa kafin a sanyaya, ya kuma san cewa ƙuraje da zazzaɓi na asibiti ne, ya rage wa kansa kashe kuɗi da jinya mai tsawo.